Sarkin Yawa Ko Sarkin Ƙarfi? Shawara Ga Mai Sayen Tsohuwar Kwamfuta A Ƙasar Gumel

Akwai wata tambaya da ta soma yawaita a bakin malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi na ƙasar Gumel, tun daga Gumel ɗin kanta har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya sayi tsohuwar kwamfuta ta tebur ya girke a gida, domin 'ya'yansa da na maƙwabta, ko kuwa ɗalibansa, su riƙa haɗuwa a cikinta suna wasa tare. Ya hau mota ya tafi Kano, ya shiga Titin Beirut inda ake cinikin irin waɗannan kaya, mai kanti ya ajiye masa guda biyu a gabansa. Ya ce masa wannan mai huɗu ce, waccan kuwa mai takwas. To, wacce zai ɗauka? Galibi wajen mai takwas hannu yake nufa, gama tun muna yara aka koya mana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mu dai muna ganin a wannan ciniki karin maganar nan ba ta ci ba, kuma ga dalilanmu.

Kafin mu shiga ciniki ya kamata mai karatu ya san aikin da za a ɗora wa wannan kwamfuta. Wasan da aka fi girka wa irin wannan na'ura a gida shi ne Minecraft. Wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ya fito da shi a 2009, aka kammala shi a 2011, sa'an nan a 2014 kamfanin Microsoft ya saye Mojang, watau kamfanin da ke yin wasan, a kan dala biliyan 2.5. Wasan gini ne. Ana ba yaro fili mai faɗi, da ƙasa da dutse da itace da ruwa, duka an yanka su tubali-tubali, shi kuwa ya haƙa, ya sare, ya gina abin da ransa ke so. Duk wanda ya taɓa ganin yara sun tsuguna bayan an ɗauke ruwa suna gina ɗaki da jiƙaƙƙen rairayi a kan ƙafarsu, ya riga ya gane rabin wasan.

Kada kuwa a ɗauka shiririta ce zalla. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a ta haɗa kai da Mojang, aka riƙa ba mazauna unguwanni wannan wasa su zana yadda suke so filayen unguwarsu su zama, aka kuwa fara da unguwar Kibera ta birnin Nairobi. A 2016 aka fito da wani irinsa musamman domin makarantu. Mu kuma nan gida muna da namu dalili. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta, ga shi kuwa har yanzu akwai yaran ƙauye da ba su taɓa ɗora yatsa a kan maɓallan kwamfuta ba sai ranar da za a auna makomarsu. Yaron da ya saba da na'ura ta hanyar wasa ba ya shiga zauren nan jikinsa na ɓari.

In yaro ɗaya ne ke wasa, wayarsa ko kwamfutarsa ta ishe shi. Amma in su goma ne suke so su shiga fili guda, wannan ya ga ginin wancan, dole a sami wata kwamfuta daban wadda za ta riƙe filin. Ita ce masu sana'ar ke kira saba. Mu a nan za mu kira ta mai masauki, gama aikinta ke nan, kamar fatoma a Maigatari ran jajibirin kasuwar Alhamis: shi ba ya saye, ba ya sayarwa, amma ya san ɗakin da kowane baƙo ya sauka, ya san turken da aka ɗaure dabbar kowa, in an tambaye shi kuwa ba ya cewa a dakata. Mai masauki ba ta bukatar allon kallo mai kyau, ba ta bukatar kayan ƙawa. Abin da take bukata shi ne ƙwaƙwalwa mai saurin amsa, wadda ba ta gajiya. Wannan ƙwaƙwalwa ita ce furosesa, wani ɗan falle mai kusurwa huɗu wanda bai cika tafin hannun yaro ba.

Tsofaffin nan biyu

Furosesa biyun da muke magana a kansu tsaran juna ne, duka 'yan 2012. Na farko na kamfanin Intel ne, sunansa Core i5-3470. Sassansa na aiki, waɗanda za mu kira hannuwa, guda 4 ne. Saurin bugunsa gigahaz 3.2, yakan ɗaga zuwa 3.6 in aiki ya matsa, an kuma rubuta masa wat 77. Na biyu na kamfanin AMD ne, sunansa FX-8350, ya fito a watan Oktoba na shekarar. Hannuwansa 8, saurin bugunsa gigahaz 4.0, yakan kai 4.2, an rubuta masa wat 125. Sa'ad da suke sababbi kuɗinsu kusan ɗaya ne, kowanne ƙasa kaɗan da dala 200.

Wanda ya dubi waɗannan lambobi a takarda zai ce ai magana ta ƙare. Takwas ta fi huɗu, 4.0 ta fi 3.2, me ya rage? Abu biyu suka rage, mai kanti kuwa ba lalle ya faɗe su ba, watakila ma shi kansa bai sani ba.

Na farko, gigahaz yawan taku ne kawai, yawan taku kuwa ba shi ne nisan tafiya ba. A saki jaki da raƙumi daga kasuwar Maigatari a nufi Gumel. In an ƙirga taku, jaki ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma raƙumi zai riga shi isa, domin takunsa guda ya yi na jaki biyu ko fiye. Haka hannun Intel na wancan zamani yake: a kowane bugu guda yana gama aiki fiye da hannun AMD. Gwaje-gwajen da masu auna kwamfuta suka yi tun shekarar da suka fito sun nuna cewa in aiki na hannu guda ne, i5 ɗin nan yana gaban FX, duk da cewa bugunsa bai kai nasa yawa ba.

Na biyu ya shafi ita takwas ɗin kanta, kuma a nan akawuna za su fi kowa saurin ganewa. A ɗauka ofis ne mai akawu takwas, amma an zaunar da su biyu-biyu a ɗakuna huɗu. Kowane ɗaki masinja guda gare shi mai kawo fayil, injin lissafi ma guda. In aikin kwafe takardu ne, su takwas ɗin duk sai su duƙufa. Amma da zarar aiki ya bukaci injin lissafi, ko kuwa duka biyun suna jiran fayil a lokaci guda, dole ɗaya ya naɗe hannu ya jira ɗan'uwansa. Ginin FX ke nan: hannuwa biyu-biyu ne suke tarayya a kan wasu kayan aiki. Shi kuwa i5 akawu huɗu ne, kowa da ɗakinsa da masinjansa da injinsa. Wannan magana har gaban alƙali ta je. A 2015 wasu masu saye a Amurka suka kai AMD ƙara, suna cewa an sayar musu da takwas alhali ba takwas ce cikakkiya ba. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2019 ya yarda ya biya dala miliyan 12.1 aka kashe maganar, FX-8350 kuwa yana cikin waɗanda aka lissafa. Kafin nan ma, a 2017, kamfanin ya riga ya bar wannan salon gini ya fito da jerin Ryzen, waɗanda suka dawo masa da martabarsa.

Littafin da hannu guda ke rubutawa

Yanzu sai mu koma ga wasan, mu ga irin aikin da yake ba ƙwaƙwalwar. Minecraft yana lissafa duniyarsa sau 20 a cikin kowace daƙiƙa. A kowane zagaye sai ya bi duk abin da ke motsi: ina ruwan nan ya gangara, ina tumakin can suka nufa, shukar wane ta tsiro, wa ya sare itace, wa ya faɗa rami. Dole ya gama wannan duka cikin kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa. In ya gama da wuri sai ya huta har lokacin zagaye na gaba. In bai gama ba sai duniyar ta yi nauyi: yaro ya fasa tubali ya ga ya dawo, ya buɗe ƙofa ta ƙi buɗewa sai can daga baya, ya yi gudu a jawo shi baya kamar an ɗaura masa igiya. Daga nan sai kuka da gardama, kowa yana cewa wayar wane ce ta jawo.

Abin lura shi ne, wannan babban lissafi hannu guda ke yin mafi yawansa. Tsofaffin ma'aikatan baitulmali na zamanin En'e sun san irin wannan. Littafin kuɗi layi bayan layi ake rubuta shi, gama abin da ya rage a layi na sama shi ne mafarin na ƙasa. Ko akawu ashirin aka tara a ofishin ma'aji, sauran sai dai su jera baucoci, su buga hatimi, su kai saƙo, amma alƙalamin da ke kan littafin guda ne, kuma saurin ofishin duka saurin wannan alƙalami ne. Haka wasan yake. Sauran hannuwa suna da ɗan abin yi, kamar shimfiɗa sabon fili in yaro ya nausa daji, da karɓar saƙonnin wayoyi, da adana abin da aka gina, amma hannuwa uku sun isa wannan hidima har da saura. Wanda ya sayi mai takwas domin wannan aiki ya ɗauki ma'aikata huɗu waɗanda za su wuni suna hamma, babban akawunsa kuwa ya fi na maƙwabcinsa nawa.

Adalci ya sa mu faɗi inda FX ke da rana. In aiki irin wanda ake rarrabawa ne, kamar matse fayiloli masu yawa ko sauya fim daga wani tsari zuwa wani, takwas ɗin nan sukan tashi tsaye su wuce i5. Haka nan in mutum yana nufin ya ɗora masauki uku ko huɗu dabam-dabam a kan na'ura guda, kowane aji da nasa fili, yawan hannuwa yana da amfani. Amma malami nawa ne a Sule Tankarkar ke da wannan niyya? Mafi yawa fili guda suke so, da yara biyar zuwa goma sha biyu.

Wuta da zafi

Da a ƙasar sanyi muke, inda lantarki ba ya ƙiftawa, da iyakar maganar ke nan, bambancin ma da ba zai tada wa kowa hankali ba. Amma wanda ya rubuta shawara a Ingila ko Jamus bai san bazarar Gumel ba, bai kuma san halin wutarmu ba. A wurinmu lamba mafi nauyi a takardar nan ba takwas ba ce, ba 4.0 ba ce, ita ce 77 da 125.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Tsakanin 125 da 77 akwai wat 48, kwatankwacin abin da fankar tsaye guda ke ci. Wat 1,000 na tsawon awa guda shi ne yunit ɗaya a mita. In na'urar tana aiki da dukan ƙarfinta dare da rana, 48 sau 24 ya ba da 1,152, watau yunit guda da ɗan ɗori kowace rana, a wata kuwa yunit 34 da rabi. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta sa wa masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, Naira 225 kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya. A bisa wannan farashi bambancin ya kai Naira 7,776 a wata, fiye da kashi ɗaya bisa goma na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a Yulin 2024. In kuwa awa 6 kaɗai ake kunna ta, daga la'asar zuwa bayan isha'i, sai ya sauko zuwa Naira 1,944.

Lalle wannan lissafi yana da iyaka, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Lambar wat da kamfani ke rubutawa ma'aunin zafin da ya kamata fanka ta iya kwashewa ne, ba wai abin da furosesa ke sha kowane lokaci ba. Mai masauki ta yara goma ba ta wuni cikin gumi, saboda haka abin da za a gani a mita bai kai wannan ba. Amma inda lissafin ya nuna nan gaskiya take: a aiki iri ɗaya, na'urar FX ta fi ta i5 cin wuta, kuma da yake tana bukatar ƙarin kaya a jikinta, kamar yadda za mu gani, ko tana zaune ba ta aikin kome ba ta kai ta i5 sauƙi ba.

Sa'an nan gidaje nawa ne a ƙasar nan ke ganin wutar awa 20? Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, jama'a kuwa har gobe NEPA suke cewa, kuma kowa ya san yadda ake murna in ta zo. Mai son masaukinsa ya dawwama sai ya jingina da janareta ko sola. Janareta dai tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ya zama abin tayarwa da dalili, ba don wasan yara ba. Saura sola da batir. To, babban batirin nan na inbata mai bolt 12 da amfiya 200, in an ninka, 2,400 yake ɗauka. Masu sana'ar kuma suna gargaɗi kada a riƙa shanye fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, saura 1,200 ke nan. A dubi wannan lamba, a dubi 1,152 da muka samu ɗazu. Watau a mafi munin hali, bambancin da ke tsakanin tsofaffin nan biyu a kwana guda ya kusa cinye batir sukutum. Duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin batir ɗin nan ya san ya fi kuɗin tsohuwar kwamfutar kanta.

Wutar da na'ura ta sha kuma ba ɓacewa take yi ba, zafi take komawa, a cikin ɗakin da mutum yake zaune. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe, in iskar da zafinta ta zo aikin ya ragu. An gina furosesa yadda in ya ji zafi ya yi masa yawa zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone, da ya rage kuwa sai zagayen nan 20 su soma tsinkewa. Ga FX akwai ƙarin matsala wadda masu gyara suka daɗe da sani: in an ɗora shi a kan babban allo mai araha, wanda suke kira bod, sassan da ke daidaita masa wuta su ne ke fara ɗaukar zafi, su tilasta masa ya sassauta ko da shi kansa bai gaji ba. Bazara ta wuce, hunturu ya shigo da ƙurarsa, ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar an liƙa auduga. Na'urar da ta fi zuƙar iska ita ta fi zuƙar ƙura.

Akwati ake saye, ba falle ba

Mai sayen san huɗa a Maigatari ba ƙaho yake dubawa ba. Yakan buɗe baki ya ga haƙori, ya ɗaga kofato, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Haka ya kamata mai sayen tsohuwar kwamfuta ya yi, ya kuma tuna cewa furosesa ba ya aiki shi kaɗai. Waɗannan biyu ba sa shiga gurbi ɗaya: na Intel gurbinsa LGA1155, na AMD kuwa AM3+. Saboda haka zaɓen falle zaɓen akwati ne gaba ɗaya.

A nan ma i5 ya yi sa'a. Ofisoshi da bankuna da makarantu na Turai da Amurka sun sayi dubban kwamfutoci irin Dell OptiPlex 7010 da HP Compaq Elite 8300, da yawansu kuwa da wannan furosesa suka zo. Da suka tsufa a can aka tattaro su aka yo gwanjonsu zuwa ƙasashenmu, shi ya sa suka cika kantuna, kayan gyaransu ma ba su da wuyar samu. An ƙera su domin su wuni a kunne a ofis ba tare da ƙara ba. FX kuwa galibi a na'urorin da samari suka harhaɗa da hannunsu ake samunsa, kowace da irin nata kayan, wasu ma an yi shekaru ana tilasta musu gudun da ya wuce ƙa'ida. Ban da haka i5-3470 yana da sashen nuna hoto a cikinsa, FX-8350 ba shi da shi, mafi yawan allunansa ma ba su da shi. Sai an ƙara masa katin hoto, shi ma da kuɗinsa da cin wutarsa da fankarsa, alhali mai masauki ba ta bukatar hoto sai ranar da ake saita ta.

A lura da harafin da ke bin lamba, gama kama da wane ba ta wane. Akwai i5-3470S, mai hannu 4 da wat 65, bugunsa ya ɗan gaza kaɗan, ga mai sola kuwa ba laifi. Akwai kuma i5-3470T, wanda wat 35 kawai yake ci, amma hannuwansa 2 ne. Kada a yarda da takardar da aka manna a jikin akwati. A sa mai kanti ya kunna, ya buɗe shafin da na'urar ke faɗin sunan ƙwaƙwalwarta da bakinta, a karanta da ido. Cinikin biri a sama ba na mai albashi ba ne. A bar ta a kunne ko da rabin awa ana sauraron fanka, a kuma nemi a buɗe murfi a duba ko akwai abin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a kan allo.

Na'urar da ta haura shekara goma tana da 'yan bukatu waɗanda ba su da tsada. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya riga ya bushe, a sa mai gyara ya goge ya shafa sabo. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo, a canza shi. Ma'ajiyar aiki, wadda ake kira RAM, duka biyun irin DDR3 suke ɗauka, gigabait 8 ya isa yara goma, 16 kuwa yalwa ce. In akwai sauran kuɗi, gara a sa su a faifan ajiya irin SSD da a sa su a furosesa mafi girma, domin tsohon faifai mai juyawa shi ne ya fi saurin mutuwa in wuta ta ɗauke ba sallama. Ko da SSD ɗin ma, ɗaukewar wuta a tsakiyar adana fili tana iya lalata shi, ginin wata uku ya tafi a banza. Wanda bai ga fuskar yaron da aka rushe wa gari ba zai ce wannan ƙaramin abu ne. A haɗa na'urar da inbata ko ƙaramin batirin tsaro, a kuma riƙa kwafe filin a filasha kowace Juma'a. A ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa, a hure masa ƙura sau ɗaya a wata in hunturu ya kama, da damina kuwa a zare waya daga bango in hadari ya taso.

Game da manhajar da za ta tafi da na'urar, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, kuma babu ɗaya cikin tsofaffin nan biyu da ke jerin waɗanda Windows 11 ya amince da su. Wannan bai hana kome ba. Mai masauki ta fi jin daɗin Linux, irin su Ubuntu ko Debian, kyauta ne, ba su da nauyi, ana kuma ci gaba da gyara su. Samarin da suka yi karatun kwamfuta a Kazaure ko Kwalejin Ilimi ta Gumel ba za a rasa wanda zai girka ta cikin yini guda ba. In an girka, akwai wani saiti na nisan abin da ɗan wasa ke hangowa, wanda yake zuwa a kan 10 a irin na kwamfuta. A mai da shi 6 ko 7. Wannan ɗan gyara yakan sauƙaƙa wa babban akawun nan aiki fiye da duk abin da kuɗi za su saya.

Akwai abu biyu da kan ba mutane kunya bayan an gama kashe kuɗi. Minecraft iri biyu ne, na kwamfuta wanda ake kira Java, da na waya wanda ake kira Bedrock, masaukin ɗaya kuwa ba ya karɓar baƙin ɗaya sai da ƙarin dabara. Tun da yaranmu galibi wayar Android ce a hannunsu, a tabbatar wanne aka girka. Manhajar masaukin kyauta ce, amma kowane ɗan wasa sai ya sayi wasan, kuma yakan nemi intanet lokacin shiga don ya tabbatar da mai shi. Malamin da wannan ya yi wa nauyi yana da mafita a wani wasa mai kama da shi, wanda wani mutumin Finlan ya fara a 2010 da sunan Minetest, aka sake masa suna Luanti a 2024. Kyauta ne ɗungum, yana hawa wayar Android, ba ya neman intanet ko kaɗan in duk ana gida ɗaya. Shi ma babban lissafinsa hannu guda ke ɗauka, saboda haka hukuncinmu a kan furosesa bai sake ba.

Na biyun shi ne maganar baƙi na nesa. Yaran da ke cikin gida ko harabar makaranta, waɗanda wayoyinsu ke kama rawuta guda, za su shiga ba wahala. Amma ɗan'uwa da ke Gagarawa, ko wanda ke tsallaken iyaka wajen Damagaram, ba zai samu shiga kai tsaye ba in da layin waya aka haɗa gidan da intanet. Dalili kuwa kamfanonin waya sukan tara masu hulɗa da yawa a ƙarƙashin adireshi guda, kamar yadda a da makaranta sukutum take da akwatin gidan waya ɗaya: kai kana iya aika wasiƙa a kawo maka amsa, amma baƙon da ya rubuto lambar akwati kawai ba a san hannun da za a miƙa wa takardarsa ba. Akwai hanyoyin kewaye wannan, sai dai aikin gwani ne, kuma babu furosesa, mai huɗu ko mai takwas, da zai warware shi.

Saura mutumin da FX ya riga ya shigo hannunsa, ko ɗan'uwa ya aiko masa daga Legas, ko ya gada daga wani kantin buga takardu da ya rufe. Ba mu ce ya jefar ba. Zai riƙe yara biyar ko shida lafiya lau in an rage nisan hange, aka sa masa fanka mai kirki, aka kuma ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Sai dai ya riƙa kunna shi sa'ad da yara suka taru, ya kashe in sun watse, kada ya bar shi ya kwana a kan batir.